Lokacin wuta a injin mota mai shan iska

Garin Tawa mahaɗar hanyoyi ne. Wata hanya ta yi kudu zuwa Ƙonni, wata ta yi gabas zuwa Keita, wata kuma ta bi ta Tabalak da Abalak har Agadas da Arlit. Wannan ta ƙarshe ita ce ake kira hanyar uraniyom. A ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa mata kwalta.

A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa suna ƙetaro Sahara da mota daga Aljeriya. Suna biyowa ta Asamaka, Arlit da Agadas, su sauko Tawa. Waɗansu sukan sayar da motocinsu kafin su koma gida. Yawancin motocin Peugeot ne, amma akwai Volkswagen a cikinsu, musamman ƙaramar bas da ake kira Kombi. Daga kudu ma Volkswagen tana shigowa, don a shekara ta 1975 an buɗe masana'antar harhaɗa ta a Legas, cikin Nijeriya.

Yau waɗannan motoci sun tsufa, sun kuma yi ƙaranci. Amma injinsu ya dace da mai koyo, domin in an ɗaga murfi ana ganin kome a fili. Da shi za a yi bayanin wani aiki ƙarami mai muhimmanci ƙwarai, watau daidaita lokacin wuta.

1. Inji mai shan iska

Kowane inji yana zafi in yana aiki. Yawancin motoci da ruwa ake sanyaya injinsu. Suna da lagireto a gaba. Tsohuwar Volkswagen ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa ko kaɗan. Iska ce ke sanyaya ta.

Wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ne ya tsara ƙaramar motar a Jamus. An fara ƙera ta a 1938. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla, cikin Mekziko, ran 30 ga Yuli 2003. An ƙera fiye da miliyan 21. Faransawa ma suna da tasu mota mai shan iska, Citroën 2CV, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1990.

Injin Volkswagen a bayan mota yake. Yana da silinda huɗu a kwance, biyu dama, biyu hagu. Jikin kowace silinda yana da ƴan fikafikai na ƙarfe. Wata fanka tana hura iska a kansu, iskar ta kwashe zafin. Igiyar roba ce ke juya fankar. Igiyar kuwa tana zagaye da wani faifan ƙarfe da ke ƙasan inji, wanda makanikai ke kira fuli.

A ƙasar da ruwa ke da wuya, inji marar ruwa abin so ne. Amma yana da rauni guda. A watannin Afrilu da Mayu zafin Adar yakan wuce digiri 40. Iskar da fanka ke hurawa ita kanta mai zafi ce. Saboda haka injin yana aiki dab da iyakar zafin da zai iya ɗauka. In an ƙara masa wani zafi saboda kuskuren gyara, sai ya ƙone. Kuskuren da ya fi kawo haka shi ne wuta ta tashi ba a kan lokacinta ba.

2. Abin da ke faruwa cikin silinda

Cikin kowace silinda akwai fistan. Yana kai da komowa kamar taɓarya cikin turmi. A bakin silindar akwai ƴan ƙofofi biyu, ta shiga da ta fita. Aikin yana da mataki huɗu. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya gina inji mai wannan tsari a 1876.

Mataki na ɗaya: fistan ya ja baya, ya zuƙo iska gauraye da fetur.
Mataki na biyu: ƙofofi sun rufe, fistan ya komo, ya matse iskar.
Mataki na uku: buji ya yi tartsatsi, fetur ya kama wuta, wutar ta tura fistan da ƙarfi.
Mataki na huɗu: fistan ya sake komowa, ya kori hayaƙi waje.

Mataki na uku ne kawai ke ba da ƙarfi. Cikin matakan nan huɗu fuli yana yin juyi biyu. Ke nan kowane buji yana tartsatsi sau ɗaya cikin juyi biyu.

Inda fistan ke kai ƙarshen tafiyarsa, ya matse iska iyakar matsewa, kafin ya juya baya, shi ake kira ƙololuwa. Daga nan ake auna lokacin wuta.

3. Daga ina tartsatsi yake fitowa?

Wutar bateri ba ta da ƙarfin yin tartsatsi. Tsofaffin motocin suna da bateri mai bolt 6, na baya kuma mai bolt 12. Akwai wani gwangwani da ake kira bobin. Shi ke ɗaga wutar har ta wuce bolt 10.000.

Daga bobin wuta tana zuwa delko. Delko shi ne mai rabo. A cikinsa akwai wani ɗan yatsa mai juyawa, yana miƙa wuta ga kowane buji bi da bi. A injin Volkswagen ga yadda suke bin juna: 1, 4, 3, 2. Sunan delko daga wani kamfanin Amurka ya samo asali, wanda Charles Kettering da abokin aikinsa suka kafa a garin Dayton a 1909. Buji kuwa, makanikan Sakkwato da Kano fulogi suke ce masa.

A ƙarƙashin ɗan yatsan akwai ƴan ƙarafa biyu da ake kira filatine. Suna haɗuwa, suna rabuwa. A daidai lokacin da suka rabu ne bobin ke sakin wuta, buji ya yi tartsatsi. In an juya jikin delko kaɗan, sai su rabu da wuri ko su makara. Daidaita lokacin wuta ba wani abu ba ne illa juya jikin delko har ya zauna inda ya kamata.

4. Don me wuta ke riga fistan?

Mutum zai zaci tartsatsi ya kamata ya zo daidai lokacin da fistan ya kai ƙololuwa. Ba haka ba ne. Fetur ba ya ƙonewa gaba ɗaya nan take. Wuta tana farawa daga bakin buji, sa'an nan ta bazu. Tana bukatar ɗan lokaci kafin ta yi ƙarfi. Saboda haka tilas a kunna ta tun fistan bai iso ba, don ƙarfinta ya same shi yana fara juyawa baya.

Maharbi ya san wannan. In zai harbi zabuwa tana tashi, ba ya auna inda take, sai gabanta kaɗan. In tana sauri ƙwarai, sai ya ƙara auna gaba.

Haka inji yake. Ana auna wannan rigaye da digiri. Juyi ɗaya na fuli digiri 360 ne. In inji yana tafiya a hankali, mota tana tsaye, yana juyi kamar 900 cikin minti ɗaya. A nan injunan Volkswagen da yawa suna son wuta ta riga ƙololuwa da digiri 7,5. In inji ya kai juyi 3.000 cikin minti, fistan yana gudu ƙwarai, wutar kuwa tana bukatar lokacinta. Sai rigayen ya ƙaru zuwa digiri 28 ko 30.

Delko ne ke ƙara rigayen da kansa. Wani yana da ƴan ƙarafa masu nauyi a ciki, waɗanda ke buɗewa in juyi ya yi sauri. Wani yana da ɗan gwangwani a gefe, da siririn tiyo da ke zuwa kafireta. Wani yana da duka biyu. Kowane delko yana da lamba a jikinsa, kuma kowace lamba da nata ƙa'ida. Akwai ma waɗanda ake daidaitawa digiri 5 bayan ƙololuwa. Don haka makanike na ƙwarai yakan duba lambar, ya duba littafin motar, kafin ya taɓa kome.

5. In wuta ta yi gaba ko ta yi baya

In mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, kowace tana da lokacin sauke taɓaryarta. In ɗaya ta yi gaggawa, taɓare su yi karo. In ta makara, daka ba ya sauri.

In wuta ta yi gaba da yawa, tana bugun fistan tun yana tahowa. Inji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani, musamman in mota tana hawan tudu da kaya. Da safe tana wuyar tashi, inji yana turjewa. Zafi yana ƙaruwa. In aka ci gaba da tafiya, kan fistan yana iya narkewa har ya huje.

In wuta ta yi baya, fistan ya riga ya tafi kafin ƙarfi ya zo. Mota ba ta da ƙarfi, tana shan mai da yawa. Ragowar wutar tana bin ƙofar fita, ta gasa ta. Nan ma inji yana zafi.

Tsakanin Tawa da Abalak akwai kilomita kamar 135. Wanda injinsa ya ƙone a tsakiyar wannan hanya cikin bazara, da fasinja da yara da ruwa kaɗan, ba asarar kuɗi kawai ta same shi ba. A hanyoyin yashi na arewacin Adar, wajen Barmu ko Takanamat, abin ya fi muni. Cikin yashi inji yana wahala, mota kuwa ba ta sauri, kuma taimako yana da nisa.

Lokacin wuta ba ya zama wuri ɗaya har abada. Filatine suna da ɗan dunduniya da ke gogar sandar delko. Yau da gobe tana cinyewa, ƙurar hunturu kuma tana ƙara cin ta. In ta cinye, wuta sai ta yi ta komawa baya kaɗan kaɗan, direba bai sani ba. Shi ya sa ake duba ta bayan kowane kilomita 10.000, da duk lokacin da aka sake filatine.

6. Fitilar walƙiya

Waɗansu makanikai da kunne suke gyara. Suna juya delko har su ji inji ya yi daɗin ƙara. Amma kunne yana ruɗi. Inji yakan fi daɗin ƙara in wuta ta yi gaba fiye da kima, kuma wannan shi ne ke ƙona shi a kan hanya. Ido ya fi kunne a wannan aiki. To, yaya ido zai ga alama a kan fulin da ke juyi 15 cikin sakan ɗaya?

Da damina, cikin dare mai duhu, in an yi walƙiya, mutum yana ganin akuya mai gudu kamar tana tsaye. Hasken bai daɗe ba, don haka ido bai ga motsinta ba. Da wannan dabara fitilar walƙiya take aiki. Wani malami a Amurka, Harold Edgerton, ya kyautata irin wannan fitila mai lantarki a 1931.

Fitilar tana kama da ƙaramar bindiga. Tana da waya uku. Ja da baƙa na shan wuta ne. Ta uku tana da ɗan maƙali da ake maƙalawa a wayar buji na ɗaya. Duk lokacin da bujin ya yi tartsatsi, fitilar tana walƙawa. Tun da yake kullum a wuri ɗaya na juyin fuli take walƙawa, sai alamar da ke kan fuli ta bayyana kamar tana tsaye.

7. Shiri kafin aiki

Da farko a san silinda ta ɗaya. In mutum ya tsaya bayan mota yana duban inji, a damansa ta nesa ita ce 1, ta kusa 2. A hagunsa ta nesa 3, ta kusa 4. Kullum da ta ɗaya ake aiki. A injunan da aka ƙera kafin 1971, silinda ta uku ta fi sauran zafi, don abin sanyaya baƙin mai yana tare mata iska. Saboda haka waɗansu delko an yi su suna jinkirta wutarta kaɗan. Wanda ya auna da ita zai yi kuskure.

Tun inji yana da sanyi, a daidaita ƴan ƙofofin silinda, a bar tazarar milimita 0,15. A daidaita filatine, a bar tazarar milimita 0,4 in sun buɗe. Wannan tilas ya riga, domin in an taɓa filatine daga baya, lokacin wuta zai sake.

Sa'an nan a nemi alamomi. A bakin fuli akwai ƴan tsage. Wani fuli yana da ɗaya, wani biyu, wani uku, kuma a tsohuwar mota mai yiwuwa an taɓa sake fulin. Don haka a tabbatar da ƙololuwa. A kashe inji, a cire buji na ɗaya, a juya fuli da hannu har ɗan yatsan delko ya dubi ɗan tsagin da ke bakin delko. A zura tsinke mai tsabta a ramin buji, a ji inda fistan ya daina turowa. Nan ce ƙololuwa.

Akwatin inji ɓari biyu ne aka haɗa. Layin haɗin yana tsaye daidai bayan fuli, daga sama. Shi ne ma'auni. A sa alamar ƙololuwa a bakin fuli daidai wannan layi. Daga ita a auna zuwa dama: milimita kamar 12 shi ne digiri 7,5, milimita kamar 47 kuma digiri 30, in faɗin fulin santimita 18 ne. A shafa wa alamomin alli ko farin fenti.

8. Yadda ake aikin

Na ɗaya: a kai mota inuwa, don cikin ranar Tawa ba a ganin walƙiyar fitila. A ja birkin hannu, a fitar da giya.
Na biyu: a tada inji, a bar shi ya yi ɗumi.
Na uku: a haɗa fitila. Baterin ƙaramar motar Volkswagen yana ƙarƙashin kujerar baya, don haka akan maƙala jar waya a bobin, wajen lamba 15, baƙar kuma a jikin inji. In motar mai bolt 6 ce, a kawo wani bateri mai bolt 12 don fitilar.
Na huɗu: in littafi ya ce a cire tiyon delko, a cire shi, a toshe bakinsa.
Na biyar: a sassauta notin da ke riƙe da delko da kile mai lamba 10. Kada a kwance shi duka.
Na shida: a haska bakin fuli. A duba wace alama ta tsaya daidai layin haɗi.
Na bakwai: a juya jikin delko kaɗan kaɗan. In an juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, wuta tana komawa baya. In an juya shi akasin haka, tana yin gaba. A tsaya in alamar da ake so ta zo kan layi.
Na takwas: a ƙara wa inji mai a hankali. Alamomi za su gusa hagu. Wannan ya nuna delko yana ƙara rigaye. A delko mai ƙarafa masu nauyi, kada rigayen ya wuce digiri 30 zuwa 32 kome saurin inji. In alamomi ba su motsa ba, ko suna tsalle, delko yana da ciwo.
Na tara: a ɗaure noti, a sake haskawa, don ɗauri yakan gusar da delko. A maida tiyo.

In ba fitilar walƙiya, kamar a cikin daji, ana iya amfani da ɗan ƙwan fitilar mota mai waya biyu. A maƙala ɗaya a bobin wajen lamba 1, ɗaya a jikin inji. A buɗe makulli, amma kada a tada inji. A sa alamar digiri 7,5 kan layi, a juya delko har ƙwan ya kama. Wannan yana kai mota gari. Amma ba ya nuna abin da delko ke yi in inji yana gudu, kuma ba kowane delko ya dace da shi ba.

9. Hattara

A wani garaji, maigida yana haska fuli, yaronsa yana kallo. Yaron ya ce: «Maigida, ai fulin ya tsaya!» Ya miƙa hannu zai share alli. Maigida ya buge hannun, ya ce: «Kai yaro, bai tsaya ba. Idonka ne fitila ta ruɗa.»

Wannan shi ne babban haɗarin aikin. Fuli da igiya suna juyi ko da ido ya ga kamar suna tsaye. Kada a kusance su da babbar riga, ko rawani, ko mayafi. A janye wayoyin fitila nesa da igiya. Kada a kama wayar buji inji yana aiki. Kada a tada inji cikin ɗaki rufe, don hayaƙinsa guba ne. Kada a kawo wuta ko taba kusa da fetur.

Motocin yanzu ba su da filatine. Ƙaramar kwamfuta ce ke zaɓar lokacin wuta. Amma ƙa'idar ba ta sake ba. Baburan kabu-kabu da ke yawo cikin Tawa, da injunan ban ruwa na masu noman albasa a Tamaske da Tabalak, yawancinsu masu shan iska ne, kuma su ma tartsatsinsu yana riga ƙololuwa. A babura da yawa, in an buɗe ɗan murfin gefen inji, ana ganin haruffa biyu: T ita ce ƙololuwa, F kuma lokacin wuta.

Tambayoyi

1. Mene ne ke sanyaya injin tsohuwar Volkswagen?
2. Faɗi matakai huɗu na aikin fistan.
3. Don me tartsatsi yake zuwa kafin fistan ya kai ƙololuwa?
4. Wace ƙara inji yake yi in wuta ta yi gaba da yawa?
5. Don me ake daidaita filatine kafin a juya delko?
6. Don me maigida ya buge hannun yaronsa?

Lissafi

1. Inji yana juyi 3.000 cikin minti ɗaya. Juyi nawa yake yi cikin sakan ɗaya?
2. Kowane buji yana tartsatsi sau ɗaya cikin juyi biyu. In inji yana juyi 900 cikin minti, sau nawa fitila za ta walƙa cikin minti ɗaya?
3. Faɗin fuli santimita 18 ne. Nemo kewayensa. Milimita nawa ne digiri 10 a bakinsa?

Aiki

A yanka kwali mai da'ira, faɗinsa santimita 18. A sa alamar ƙololuwa a bakinsa. Da ma'aunin kusurwa a auna digiri 7,5 da digiri 30 zuwa dama, a sa musu alama. A auna tazararsu da rula, a gwada da abin da aka karanta.